Kwalliyar farce a ɗakina: daga hunturu zuwa babbar salla

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Toh bismillah, yau dai na fara. Abu biyu nake so in ga na iya kafin babbar salla: ƙunshin akaifa mai tsabta da ɗan dizain a kai, ba irin na dumbuza lalle a yatsa a ɗaure da leda ba, sai kuma saiti ɗaya na farcen roba da zanenmu na gida, dagi ko irin zanen bayan ƙwarya, wanda zan liƙa in je biki in dawo in ɓare in yi alwalata. Matan da nake kallo a YouTube da TikTok yawancinsu ba ruwansu da wagga matsala tamu, mace ta shafa jan farce ran Litinin ta bar abinta sati biyu, mu kuwa sau biyar a yini ruwa sai ya taɓa akaifa, shi kuma jan farce fenti ne, rufe ta yake ruf ba inda ruwa zai bi. Shi ya sa sai lokacin fashin salla muke shafawa, kwana kaɗan a goge, kuma wallahi wanga ɗan tsakanin bai isa mace ta koyi komai ba, kafin hannunki ya faɗa kin yi wanka sai kuma wani watan. Lalle ne kawai ba shi da rigima tunda shi rini yake ba rufewa ba. Don haka na raba aikin, akaifata ta gaske lalle, fenti da ƙyalƙyali duk su koma kan roba.

Na shiga babbar kasuwarmu ta Birnin Kebbi wurin masu kayan kwalliya na sawo jan farce ja da fari da baƙi da ruwan gwal, bes kot (shafin ƙasa kafin kala), tof kot (shafin sama mai rufe kala), rimuba (ruwan goge jan farce), fayil na goge bakin farce, sai fakitin farcen roba marasa kala da takardar gam ɗin nan mai fuska biyu da anka yanka daidai farce. Mai shagon sai turo min gam na kwalba yake, wai "Hajiya wanga shi ne ke riƙewa sati biyu", na ce Malam ai riƙewar ce ba na so. Sauran kayan aiki gida na tsinto su, tsinken sakace, fil ɗin hijabi mai ɗan ƙulu a kai, tsohon soson hoda, salatif da burushin ailaina da ya ƙare.

Yaya ya leƙo ya ce ɗakin warin garejin fenti yake, kuma bai yi ƙarya ba, jan farce irin na yanzu daga fentin mota ya samo asali tun shekarun 1920, wani sinadari ne naitiroselulos ake narkawa cikin ruwa mai saurin tashi, ruwan na tashi sai ya bar fentin kwance a kan farce. Taga a buɗe dai, kuma nesa da risho da gas, don shi da rimuba duka wuta suke kamawa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Farcen robar nan ashe lamba gare su a ciki, nawa daga 0 zuwa 9 ne, 0 shi ne mafi faɗi. Yadda na auna: na liƙa salatif a kan akaifa na sa alama da biro gefe da gefe, na ɓare na shimfiɗa a rula. In awonki ya faɗa tsakanin lamba biyu ɗauki babban ki rage gefensa da fayil, ƙaramin matse akaifa yake tana zogi kuma shi ke saurin tsalle ya fita. Hannun dama da na hagu ma ba daidai suke ba, ɗan alina na dama ya fi na hagu faɗi, na rubuta lambobin duka goma a bayan littafi kar kullum in riƙa awo.

Riƙe su lokacin shafawa ya so ya ba ni wahala sai na samo karan dawa na naɗe shi da salatif baibai, gam ɗin na kallon waje, na jera su a kai. Ya yi daidai, ki juya karan yadda kike so hannunki bai taɓa fenti ba.

Abin da ya dame ni wanga satin ƙura ce. Hazo ya sauko sosai, ki shafa fari tas ki juya ki ɗauko murfi kafin ki waiwayo ya yi ɗigo-ɗigon ƙasa. Yanzu ina gamawa nake kifa musu roba a kai in ɗan ɗaga gefe ɗaya da murfin biro iska na shiga. Fanka kuwa a kashe, ita ke kwaso ƙurar kuma takan busar da sama ta bar ƙasa danye. Shafi siriri sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya nesa ba kusa ba, mai kaurin ko bayan awa ɗaya kika danna sai ya lotsa. Kwalbar kuma ba a girgiza ta, murza ta ake tsakanin tafin hannu, girgizawa ke kawo ƙananan kumfa ɗin nan.

Dizain na farko ɗigo ne kawai. Kan fil na ba da babban ɗigo, tsinken sakace ƙarami, ɗigo biyar a zagaye ɗaya a tsakiya an samu fulawa. Ba wani abin a zo a gani ba ne amma ƙanwata ta ce ta ɗauka na kanti ne, na san tana so in ba ta ne.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau maganar lalle, kuma za ta ɗan yi tsawo don nan ne zuciyata take.

Gwaggo ta aiko min da garin lalle daga Jega, sabon daka, kore shar da ƙamshinsa, ba irin wanda ya kwana biyu a leda ya koma ruwan ƙasa ba. Na tankaɗe shi da rariya sannan na sake tacewa da tsohon gyale shara-shara, don ko ɗan tsinke ɗaya ya rage shi zai ɓata miki layi. Na kwaɓa da ruwan lemun tsami da ɗan sukari da ruwan shayi mai ɗumi, sukarin don ya kama jiki kar ya bushe ya zube, na rufe na bar shi ya kwana. Da sanyi lalle jinkirin tsima yake, da zafi kuwa awa kaɗan ya isa. In kina son ki san ya tsima ɗiga kaɗan a tafin hannu ki goge bayan minti biyar, kika ga ya bar ruwan lemo mai haske to ya yi.

Akaifa kuma sai an cire mata maiƙo, na wanke da sabulu na ɗan goga bayan fayil mai laushi sama-sama, na shafa bazalin a fatar da ke zagaye don ita ba na so ta kama. Salatif ɗin na liƙa a kan tayil na yanka da reza, wasu siraran layi wasu rabin wata, na liƙa a akaifa na danne bakinsu da tsinke sosai, ko'ina ya ɗaga lalle zai kutsa ta nan. Inna ta shigo ta tsaya kaina tana kallo ta ce "Ke ɗiyar nan mi kike yi da salatif da reza sai ka ce mai gyaran rediyo?" Na ce Inna kwalliya ce. Ta ce su a zamaninsu ganye suke ɗaurewa su zura hannu a zunguru su kwanta, da safe hannu ya yi jawur ba wanda ya auna komai. Amma fa ita ce ta zauna ta sa min a hannun dama, tana yi tana faɗa.

Na bar shi tun bayan isha'i har kusan asuba, na kankare da bayan cokali na ɓare salatif na shafa mahallabiya. Da farko ruwan lemo ne, kar ki tsorata, iska ce ke ƙara masa duhu cikin kwana biyu. Layin hannun hagu sun fito tsaf, na dama biyu sun ɗan zubo inda bazalin ya taɓa salatif ɗin ya hana shi kamawa.

Abin da ya kamata mace ta sani kafin ta yi: a cikin ganyen lalle akwai wani sinadari losan da ke manne wa keratin, abin da akaifa da gashi da saman fata sunka ƙunsa. Na fata yana tafiya cikin sati biyu zuwa uku don fata saɓa take, na akaifa kuwa ba inda za shi, ba rimuba ba sabulu, sai dai ta tsiro ki yanke. Akaifar hannu wajen milimita 3 take tsirowa a wata, kafin ta sauya gaba ɗaya wata 4 zuwa 6. To duk zanen da kika yi da shi za ki yi azumi ki yi salla, ki zaɓa da hankali.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Fari ya fara leƙowa daga gindi, kalar kuma ta zauna ja mai duhu. Wata dabara ta faɗo min: in duk wata na sake sa lalle a kan akaifar duka, bakin zai samu shafi da yawa, tsakiya ƙasa da haka, gindi ɗaya tal, kenan kala za ta riƙa sauka daga duhu zuwa haske da kanta ba soso ba burushi. Zan gwada a hannun hagu in bar na dama yadda yake don in ga bambanci.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na so in sa baƙin layi a kan jan, har na yi niyyar sawo dayis, sai ga ɗiyar maƙwabtanmu ta shigo da hannu a kumbure. An yi mata baƙin ƙunshi wurin wani biki, ya yi kyau ranar har hoto munka yi, bayan sati ɗaya duk inda zanen ya bi ya tashi ya yi ƙuraje masu ruwa, fulawar nan ta fito raɗau amma da ciwo, sai da anka kai ta asibiti. Lalle na gaskiya ba ya baƙi, iyakarsa ja mai duhu. Abin da ke sa wancan baƙi cikin minti kaɗan sinadarin rinin gashi ne da ake ce wa PPD, a Amurka ma hukumar abinci da magunguna ba ta yarda a sa shi a kayan da za a shafa a fata ba. Mugun abin kuma in jiki ya ƙi shi sau ɗaya to ya ƙi kenan, gobe ko rinin gashi ta shafa zai iya tayar mata. Na san da yawanmu mun sha yi ba abin da ya same mu, kuma amare ba za su daina ba don a hoto yana fitowa, amma ni kam na haƙura, baƙin layi ya tsaya a kan roba inda ba fata.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, aikin ya tsaya cak. Daga jajjage sai tace kunu sai wanke-wanke, hannu kullum cikin ruwa, akaifa ta sha ruwa ta kumbura ta bushe ta koma, haka-haka har bakinta ya fara ɓarewa falle-falle. Na sawo safar hannu ta roba don wanke-wanke, da dare kuma man kaɗe nake murzawa a gindin kowace. Ran Juma'a nake yankewa in goge da fayil ta gefe ɗaya, ba gaba da baya ba. Dama ni ban da niyyar tara akaifa, hadisin da ke cikin Muslim ya ce kar a bar ta ta wuce kwana 40, tsawo in ana so ga roba nan.

Alhamis, 27 ga Maris

Salla ta matso, kwana biyun nan bayan tarawihi nake zama. Atamfata ja ce da ruwan gwal don haka saitin ma haka, na gwada dabarar soso: ki ja layin ja da layin gwal gefe da gefe a kan soson hoda ki riƙa dannawa a farcen a hankali, inda sunka haɗu sai su narke cikin juna. Soson shan fenti yake sosai, sai na ɗan jiƙa shi na matse tukuna, ya rage ɓarna. Yana gamawa za ki ga saman ya yi kaushi, tof kot ne ke kwantar da shi, kuma ki bi da burushin har bakin farcen ta ƙasa don daga nan ne yake fara ɓallewa. Farar fulawa a yatsan zobe kawai na sa, na lura in kowane farce ya sha ado sai su riƙa cinye juna ido ya rasa inda zai tsaya.

Na sa lalle zagaye na biyu a hannun hagu. Ƙanwata da ƙawayenta biyu sun kafa layi, na yi musu na salatif amma na gaya musu tun farko abin nan har bayan babbar salla yana nan, ɗaya ta ce a yi mata harafin sunanta na ce a'a, jeki ki yi tunani.

Laraba, 2 ga Afrilu

Salla ta kama Lahadi 30 ga Maris, ga yadda saitin ya yi. Na yi alwalar azahar na yi salla, na goge akaifa ta bushe ƙarau sannan na liƙa, kowane na danne shi kamar rabin minti. Munka fita gaishe-gaishe Gesse da Badariya, alwalar nan na riƙe har la'asar, kafin magariba na dawo na tsoma hannu a ruwan ɗumi da sabulu da ɗan mai na riƙa ɗaga su ta gefe da tsinke. Ba a fizga, fizga na tafiya da saman akaifa. Minti biyar sun fita, na murje ragowar gam ɗin, robar kuma tana nan lafiya za a sake sawa, takardar gam kawai ake sauyawa.

Guda ɗaya ya faɗi a keke wurin ciro kuɗi a jaka, na ɗan ali na dama, daga yanzu kowane saiti sai na yi wa ɗan ali na dama da na hagu na ajiya. Sannan manja. A gidan Anti an zubo tuwon shinkafa da miyar taushe, na ji kunyar neman cokali, farar fulawar nan ta koma ruwan ɗorawa kuma ta ƙi fita. Kori ma haka yake yi wa kala mai haske.

Na tambayi Malamarmu ta islamiyya don hankalina ya kwanta, ta ce akwai malaman da ba su son farcen roba sam, akwai masu ganin ba laifi in ado ne na cikin gida ko cikin mata kuma ana cirewa don alwala da wanka, abin da ba saɓani a kai shi ne ruwa ya kai ga akaifa. Ta ƙara da cewa kar son riƙe alwala ya sa in riƙa matse fitsari ina salla. Na yi dariya don ta gano ni.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zafi. Kwanakin nan sama da digiri 40 ake yi, jan farce na buɗe kwalba kafin in gama farce uku burushi ya fara jan zare. Wata ta ce in zuba rimuba a ciki ya saki, kar ki yi, ranar zai yi kamar ya gyaru bayan nan ya dushe ya daina sheƙi, akwai ruwan tsinka shi na musamman da ake sayarwa ɗigo biyu ya isa. Kwalaben na kwashe daga kan madubi na sa a kwano na ajiye gindin randa, nan ne wuri mafi sanyi a gidan tunda firij sai an kawo wuta. Aiki kuma ya koma bayan asuba.

Na gwada zanen kan ruwa, wanda ake ɗiga kala a kofi tana bajewa a ja da tsinke a tsoma farce. Da rana ba ya yiwuwa, kafin ki ɗauko tsinke ya bushe a saman ruwan ya tattare. Da asuba da ruwan leda da ya kwana a ɗaki, ba na randa mai sanyi ba, ya yi, baƙi da fari sun ba da wani zane mai kyau. Amma fentin da yake ci ya yi yawa, rabin kwalba a saiti ɗaya, ban ga zan riƙa yi ba. Wani abu kuma, rimuba mai asiton narkar da farcen roba yake, in zane ya ɓaci nemi marar asiton ko ki haƙura da wannan farcen.

Ƙawata da ke karatu a Kalgo ta kawo min irin jan farcen da ake talla wai ruwa na ratsa shi ana alwala da shi. Munka shafa a kan tishu shafi biyu ya bushe munka ɗiga ruwa, ruwan ya zauna a sama, sai da munka yi ta murzawa da yatsa sannan ɗan danshi ya fito ta ƙasa. In an ƙara tof kot kuwa ban san ta ina zai bi ba. Kowa da malaminsa, ni dai sallata ba zan ɗora ta a kan gwajin tishu ba, kalar tana da kyau na shafa a roba.

Asabar, 10 ga Mayu

Kayan jel sun iso, daga Kano anka sako min a mota na karɓa a tasha: ƙaramar fitila mai aiki da fawa bank, kala uku da tof kot ɗinsa. Jel ba ya bushewa da iska sai ya shiga fitila, kamar minti ɗaya kowane shafi, kenan zafi da ƙura sun rage min ciwon kai kuma zan iya zama in gyara layi yadda nake so kafin in gasa. Sheƙinsa kuwa ba a haɗa shi da na kwalbar kasuwa.

Yana da nasa halin. Na fito tsakar gida don haske sai burushin ya sandare a hannuna, hasken rana ma gasa shi yake, ko kusa da taga kar ki bar kwalba a buɗe. Baƙi in ya yi kauri sama ya gasu ciki danye sai ya yamutse. Kuma danyen jel ba a so ya riƙa taɓa fata, akwai sinadarin HEMA a da yawansu da ke sa wasu ƙaiƙayi da kumburin yatsa in an daɗe ana taɓawa, akaifa ma takan ɗaga. A nan tsarin nawa ya taimake ni ba tare da na shirya ba, tunda a kan kara nake yi, hannuna ba ya shiga fitila jel ba ya hawa fatata, sai ya gasu na goge sannan ya zo kusa da ni.

Wata maƙwabciya ta nuna min akaifarta da ta yi kore a ƙarƙashin farcen da anka liƙa mata da gam, ya ɗaga ta gefe ta bar shi ruwa na shiga yana kwana. Ƙwayar cuta ce ke yin wannan koren inda danshi ya maƙale. Na ce ta cire ta bar wurin ya sha iska ta nuna a asibiti, kar ta rufe da wani. Masu amfani da supa gulu kuma ku kiyaye shi da auduga, in sunka haɗu zafi suke yi har su ƙona fata.

Asabar, 24 ga Mayu

Dagi. Wayyo dagi. A takarda yaro ma zai zana, zobe biyu dogaye sun ratsa juna da murabba'i a tsaye ya sarƙe su, amma a fili da bai kai faɗin milimita 15 ba kuma a gantsare, inda layi zai hau da inda zai shige ƙarƙashi duk sai su cuɗe su zama dunƙule. Da jan farce ba ya yiwuwa sam, yana da kauri. Fentin akirilik na masu zane na koma, wanda ake tsinkawa da ruwa, in layi ya karkace ki goge da danyen tsinke ki sake, in ya yi ki rufe da tof kot. Burushin ailaina na rage masa gashi da almakashi har ya rage 'yan silla kaɗan.

Yadda ya fara fitowa: ɗigo huɗu tukuna, sama ƙasa dama hagu, sannan in haɗa su, a mahaɗa kuma ba na ƙoƙarin zana hawa da sauka, ɗan tsaga nake bari a layin da ya kamata ya shige ƙasa ido da kansa zai cike. Gwiwar hannu a kan tebur, ƙaramin yatsa ya dogara da karan, numfashi a riƙe. A babban yatsa da yatsan zobe kawai zai zauna, sauran na ba su zanen ƙwarya, ƙananan kusurwa uku-uku a jere da layi biyu a bakin. Na ɗauko tsohuwar ƙwaryar furar Inna na ajiye gabana ina kwafa, kuma gaskiya wannan ya fi dagin kyau a ƙaramin farce, masu ƙwarya dama a gantsararren wuri suke zanensu sun san abin da ke zama.

Hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi, jan farce na kwalba ya koma jinkirin bushewa.

Talata, 3 ga Yuni

Salla Juma'a 6 ga wata. Saitin ya kusa, ƙasa ruwan madara zane baƙi da ɗigon gwal, tara sun gamu, saura babban yatsan dama da dagin ya karkace zan sake, da na ajiya guda biyu. Ranar salla da washegari ba zan sa ba, ba mai wankin hanji da suyar nama da farcen roba, sai rana ta uku in za mu gidan Gwaggo.

Hannun hagu dabarar ta yi, kala uku a jere daga ja mai duhu a baki zuwa ruwan lemo a gindi, sai dai mahaɗar ta fito da layi ƙarara ba ta narke yadda na zata ba, ina ganin in ana sawa duk sati biyu maimakon wata matakan za su fi ƙanana su saje. Na dama da na bari rabi fari rabi ja ya fara ba ni haushi, gobe da dare zan rufe shi duka, Gwaggo ta aiko da sabon gari.

Ɗiyar Anti da za a yi bikinta a Argungu bayan salla ta ce in yi wa ƙawayenta shida saiti kalar anko, za ta biya. Ban amsa ba tukuna, farce sittin ne ban da na ajiya, ga awon kowace sai an turo min, kuma takardar gam ta kusa ƙarewa a kasuwa ban gani ba wancan satin. Na ce ta fara turo hoton atamfar da awonsu ta WhatsApp, in zanen mai sauƙi ne in yi, in dagi suke so a kowane yatsa su nemi wata.